Sitiyarin tsohuwar Land Rover yana ƙara "ƙas", ya zan gane ko ƙarfe ne ya tsage?

Ɗan Rumde, Garwa

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da zafi. Dan Allah masu sanin tsofaffin motoci ku taimaka min da shawara. Ina da Land Rover Series III doguwar nan 109, ƙirar 1978, ta mahaifinmu ce Allah ya jiƙansa, tun muna yara da ita ake kai mu ƙauye. Bayan rasuwarsa ta yi shekara shida a gindin dogon yaro awaki na kwana a ƙarƙashinta. Bara na tada ta, inji lafiya lau, an gyara birki, nasa mata sabbin tayoyi huɗu.

To ranar Lahadi naje kasuwar Pitowa na ɗauko masara buhu takwas, a hanyar dawowa sai na fara jin wani ƙara ƙas, ƙas, daga gaba ɓangaren hagu duk lokacin da na murɗa sitiyari, musamman in ina tafiya a hankali ko zan yi ribas. Kuma motar tana yawo a kan kwalta, sai kayi ta kamo ta kamar mai kora tunkiya. Na kai wa bakanikenmu na unguwa ya ɗaure wani sukurun da ke jikin akwatin sitiyari, wasan ya ɗan ragu amma ƙaran yana nan, sitiyarin ma ya ƙara nauyi. Da na leƙa ƙasa da kaina sai naga wani hannun ƙarfe a gaba kusa da radiyeta akwai tsohuwar walda a jikinsa, bakaniken yace min ai tun zamanin Baba take haka ba abinda zai same ta.

Nan da sati uku akwai biki a Mokolo, inaso in ɗauki iyali da Hajiyarmu, daga can ma yara sun matsa sai an kai su Rumsiki, kuma kun san duwatsun hanyar. Wlh hankalina bai kwanta ba. Ta yaya mutum zai gane ƙarfen sitiyari ya tsage tun kafin ya karye, mu da bamu da na'ura?

Tsohon Bakanike, Marwa

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Yaro ka yi kyan kai da baka yarda da "tun zamanin Baba" ba, wannan maganar ta kai mutane da yawa asibiti.

Da farko ka koma a sassauta sukurun nan da aka ɗaure maka. Haƙoran cikin akwati sun fi cinyewa a tsakiya, wajen da sitiyari yake zama in kana tafiya miƙe, to in mutum ya ɗaure har wasa ya ɓace ba tare da ya ɗaga gaban motar ya juya daga ƙarshe zuwa ƙarshe ya ji ba, sai ya riƙa cijewa a wani waje, kai kuma kana sa ƙarfi, ƙarfin nan a kan akwatin da hannuwan yake sauka. Nauyin da kake ji kenan.

Motarka ba irin Fijo 504 bace mai kremayer, wato doguwar sanda mai haƙora da ke tura tayoyin kai tsaye. Daga volan, wato sitiyarin da kake riƙewa a hannu, zuwa taya tafiya ce mai nisa. Akwati, sai hannun da ke saukowa daga akwati, sai bar, wato sandar ƙarfe, mai tafiya gaba, sai rele, mai karɓar motsin ya miƙa shi wajen taya, da aka dasa cikin ƙarfen shasi na gaba mai hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, sai bar mai zuwa taya, sai doguwar bar da ta haɗa tayoyin biyu. Rotil, wato mahaɗan da ke ƙarshen kowace bar, shida ne in ka ƙirga, waɗanda mutanen Mubi da Yola ke ce wa tayarod. Kowanne ya ba da wasa kaɗan, in ka tara sai ya zama yawon da kake gani.

Ga yadda muke yi. Mota na ƙasa a kan tayoyinta, kar ka ɗaga ta da jak tukuna, don sai da nauyi a kai ɓarna ke nuna kanta. Ka sa yaro a ciki ya riƙa kaɗa volan hagu dama, hagu dama, gajere gajere da ɗan ƙarfi, kai kuma ka kwanta a ƙasa da tocila ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Kada ka dogara da ido kawai, ka dafa tafin hannunka a kan kowane rotil yadda zaka riƙe bar da hannun ƙarfen lokaci guda, in ɗaya ya motsa kafin ɗaya zaka ji ɗan bugu a tafinka ko da idonka bai gani ba. Ka kalli akwatin kansa, shin yana lilo a inda aka ɗaure shi? Ka kalli rele, yana motsi a cikin raminsa? Sannan ka je ƙasan kwanon taya inda hannun sitiyari yake ɗaure da gujon huɗu, wato kusoshi masu zare da ake ɗaura wa noti, nan nake zargi da ƙaran naka. In noti ya saki, hannun yana zamewa kaɗan kaɗan yana cin gujon har ya yanke shi.

Abin da nake so ka riƙe shine, wasa daban tsaga daban. Wasa yana da kirki, yana yi maka sallama, kaji ƙara kaji yawo. Tsaga bata magana. Hannu zai iya tsagewa rabi kana tuƙi sitiyari tsaf ba wasa ko na sisi, sai ranar da ka faɗa rami da lodi. Don haka ko ka gano mai ƙaran kada kace shikenan.

Alamar da ido ke iya kamawa ita ce jan ƙura, tsatsa mai laushi kamar garin barkono da ke fitowa a layi siriri daga gindin noti ko daga kwanar ƙarfe. Ƙarfe biyu ne ke gugar juna a wajen. Haka fenti da ya fashe a layi ɗaya miƙaƙƙe. Amma duk wannan baka gani sai ka wanke, motar shekara arba'in da wani abu akwai laka da girisi kaurin yatsa a jiki. Gazuwal da burushi, ka ɓata yini guda.

Maganar hannun nan mai walda kuwa, cire shi. Ba sai na gani ba.

Mai Bashe, Kusiri

Baba da girmanka amma ni fa wannan tsoron walda ban gane masa ba. Mu nan hanyar Mora Dabanga Kusiri in kace duk abinda ya tsage sai sabo ai ba motar da zata fita. Tawa motar an yi mata walda a jikin bar, shekara huɗu kenan ina lodi da ita har Njamena ta gadar Ngeli, ba abinda ya faru. In mai walda ya iya aikinsa ai wajen ya fi ainihin ƙarfen ƙarfi ma. Ɗan Rumde ka hau motarka kaje bikinka, rai na hannun Allah.

Mai Duba Walda, Njamena

Mai Bashe ɗan'uwana, rai na hannun Allah gaskiya ne, amma bari in gaya maka abinda na sani don cin abincina kenan. Na yi aikin duba walda a bututun mai na Doba zuwa Kiribi, wanda aka buɗe a 2003, kilomita 1,070, kuma har yau aikin da nake yi kenan. Kace wajen walda ya fi ƙarfi, eh naman waldar kansa zai iya yin ƙarfi, amma ba a tsakiyar walda ake karyewa ba, a bakinta ne, daidai inda ta haɗu da ainihin ƙarfen. Hannuwan sitiyari ƙirarsu ake yi da bugu a masana'anta sannan a gasa su a sanyaya su da ƙa'ida don su yi ƙarfi amma su iya jure bugu. Da ka sa wuta ka rushe wannan. Wani waje ya yi taushi, wani ya yi tauri kamar gilashi, balle in yaron garaj ya watsa masa ruwa don ya huce da wuri, wanda kullum haka suke yi. Haka nan miƙar da bar da ta lanƙwashe da wutar shalimo ta masu waldar gas, duk abu ɗaya ne. Shasi ana masa walda in ya tsage a gindin akwati, shi ƙarfe ne mai taushi, a huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don ta tsaya, a yi mata baki, a cika, a ɗora faranti. Amma hannu da bar da rotil a'a.

Shekara huɗunka ba hujja bace. Ƙarfe gajiya yake yi. Duk gargada ɗaya lanƙwasa ɗaya ce da ido baya gani, sau dubbai a tafiya ɗaya, tsagar tana ci gaba kamar tafiyar gara, har naman da ya rage ya kasa ɗaukar nauyi ya ɓalle lokaci guda. In ka taɓa ɗaukar ƙarfen da ya karye haka ka duba fuskarsa, zaka ga wani ɓangare sumul, baƙi ko da tsatsa, da layuka zagaye zagaye kamar inda ruwan mayo, wato kogi, ya ja baya ya bar shaida a yashi, wannan tsohuwar tsaga ce ta watanni ko shekaru. Sauran kuma fari ne mai tsakuwa tsakuwa, shi ne ya karye yau.

To Ɗan Rumde ga amsar tambayarka. Tsaga tana son wurare sanannu, gindin zaren noti, kwana mai kaifi inda kauri ya canza, kewayen ramin da rotil ke shiga, gindin haƙoran da hannu ke zama a kan sandar akwati ko ta rele, bakin walda, da duk inda wani ya taɓa dukan ƙarfen da guduma ko kurfi ya bar tabo. A jikin bar kuma ka duba bakin inda aka tsaga ta don maƙalli ya kama rotil, ruwa na shiga nan ya ci zaren daga ciki, waje kyau ciki ruɓa.

Mu a wajen aiki muna da gwangwani uku na fesawa, da Faransanci resuwaj ake ce wa aikin. Na farko mai wankewa, na biyu jan ruwa mai shiga ko'ina, na uku farin hoda. Ka cire ƙarfen daga mota, ka cire fenti da girisi har ya bushe ƙayau, ka fesa ja ka bar shi minti 15 zuwa 20, ka goge da tsumma busasshe sannan da tsumman da ka ɗan jiƙa da mai wankewa. Kada ka fesa mai wankewar kai tsaye a kan ƙarfen, zaka wanke jan da ya shiga cikin tsagar ka zo kana murna ba komai. Sai ka fesa farin siriri ka jira minti 10 ko fiye. In akwai tsaga jan zai tsatso ya zana maka ita kamar an ja layi da biro. Abu biyu ka kiyaye. Kada ka goge wajen da injin gurindin kafin gwaji, yana shafe bakin tsagar ya rufe ta. Sannan kada kayi a rana, ƙa'idar maganin bata wuce digiri 50 ba, kuma ƙarfen da ya kwanta a ranar Garwa ta watan Afrilu ya wuce haka, jan zai bushe kafin ya shiga. Da sassafe a inuwa.

In baka samu gwangwanin ba akwai hanyar da ma'aikatan jirgin ƙasa suke bi tun kafin a ƙirƙiro wannan, sama da shekara ɗari da suka wuce, da ita suke duba gatari da ƙafafun tarago. Ka jiƙa ƙarfen cikin kananzir da aka haɗa da ɗan baƙin mai, ya sha sosai, ka goge shi tas, ka dama garin alli da alkol na kemis ka shafa siriri, alkol ya tashi ya bar fari. Sai ka rataye shi ka ɗan buga da guduma a gefe, man da ya ɓuya a tsagar zai fito ya ɓata allin. Bata kai ta gwangwani kama ƙananan tsaga ba, amma ta fi ido nesa ba kusa ba. Akwai kuma gwajin maganaɗisu da garin ƙarfe, shi ya fi duka kyau ga irin waɗannan hannuwan don yana kama har wadda ke dab da fata bata buɗe ba, sai dai sai wajen masu na'ura, kuma baya aiki a alminiyom.

Game da wasa, in kana son lamba, a dokar binciken mota ta Ingila inda aka ƙera motarka, volan mai faɗin milimita 380 ba a yarda wasansa ya wuce milimita 75 ba in mai akwati ne, mai kremayer kuma milimita 13. Kaga 75 ɗin ma iyaka ce ta faɗuwa, ba wai lafiya ba.

Ɗan Tasha, Ngaundere

Ni dai labari zan bayar. 504 familiyal nake ja a lokacin, ƙirar Kaduna, mun taso daga Ngaundere da asuba zamu Garwa, mutum bakwai da kaya a sama. Kwana uku kafin nan na sa an canza min rotil na dama, na sayi mai araha a kasuwa cikin kwali mai kyau, ashe jabu ne. Allah ya taimake mu mun gama sauka falez, gangaren dutsen nan, lafiya, duk kwanonin nan masu tsuma rai, sai da muka zo shimfiɗaɗɗen waje na rage gudu saboda shanu zasu tsallaka, ina taka birki naji gaban motar ya zube, tayar dama ta juya ta kalli daji ita kaɗai, volan a hannuna kamar faifai. Da muka duba, wuyan rotil ɗin ne ya cire daidai gindin zare. Wata tsohuwa da ke baya bata ce komai ba ta sauka ta shimfiɗa ɗankwalinta a bakin hanya tayi sujada. Inda minti goma baya abin ya faru da yanzu wani ke baku labarin.

Don haka in zaka canza, sabo ma ka bi a hankali. Ni yanzu na gwammace okaziyo, wato na hannu, na asali da aka ciro daga wata motar in duba shi da kyau, da sabo mai sheƙi wanda ban san uwarsa ba. Kuma a sa gupi, ɗan fil ɗin da ke hana noti kwancewa, a kowane noti mai baki, ba ƙusa ko waya ba.

Mai Bashe, Kusiri

To naji, amma ku faɗa min ina talaka zai samu hannun rele na motar 1978 a Garwa cikin sati uku? Magana ce mai daɗi a waya.

Tsohon Bakanike, Marwa

Ana samu. Series III daga 1971 har 1985 ake yin ta, kuma da yawa daga kayan ƙafarta ɗaya ne da na IIA da ta gabace ta, gawarwakinsu na nan a bayan garaj garaj da tsofaffin ma'aikatu daga Marwa har Ngaundere, in ya ƙi a aika Kano. Sai dai ka tafi da naka a hannu ka gwada, hannun sama da na ƙasa ba ɗaya bane, kuma mai volan a dama irin na Najeriya na da can ba lallai komai nasa ya hau taka ba.

Abu ɗaya na manta. Ɗan Rumde kada ka kuskura ka buɗe cikin rele da kanka, akwai sifirin mai ƙarfi a matse a ciki, in ya kuɓuce zai iya fasa maka fuska. Hannun kawai zaka cire, kayi masa alama da sandar kafin ka zare don ya koma haƙorinsa. Mai kuma ta saman ake ɗura masa, mai lamba 90 na giya, ka cire ƙananan kusoshi biyu na murfin sama, ɗaya mai ya shiga ɗaya iska ta fita, a hankali yake sha sai kayi haƙuri. Na rantse da wuya in an zuba masa mai tun mahaifinka na da rai. Rele busasshe shi ke sa sitiyari tauri, direba yayi ta kokawa da volan mota na tsaye, hannun ƙasa kuma shi ke shan wahalar. Ina jin abinda ya tsaga hannun tun farko kenan har aka kai shi walda.

Kuma wajen cire rotil a nemo abin cirewa na sukuru. In dole sai guduma, a tara wata babba a bayan kunnen hannun a bugi gefe, kada a daki kan zaren.

Ɗan Rumde, Garwa

Jama'a na dawo da rahoto, Allah ya saka da alheri, useko ƙwarai. Asabar da Lahadi duka a ƙarƙashin mota na yi su, uwargida har tana cewa ko can zan koma da kwana.

Baba maganarka ta fito. Da muka wanke ƙasan kwanon taya na hagu, noti biyu cikin huɗu da yatsa na juya su, na uku kuwa ina taɓa shi da sifana sai ya faɗo hannuna da guntun gujon ɗinsa, ashe a karye yake laka ce ta riƙe shi. Na duba fuskarsa kamar yadda Malam na Njamena ya ce, fiye da rabi baƙi ne sumul, ɗan gefe ne kawai fari. Wato guda ɗaya ke riƙe da hannun, da shi na ɗauko masara buhu takwas. Sai da na zauna a ƙasa na ɗan jima.

Gwangwanin ban samu ba, kananzir da alli na yi, allin ma na ɗiyata ne na makaranta na daka a turmin yaji. Hannun rele mai waldar nan ido baya ganin komai, wlh har na fara cewa ko Mai Bashe ne da gaskiya. Na shafa allin ya bushe na rataye shi a reshen dogon yaro na buga sau uku, kafin in gama shan shayi wani layi siriri ya fito a bakin waldar ya zagaye kusan rabin hannun. Bakaniken unguwar yana tsaye, bai ce komai ba sai ya karɓa ya juya shi ya sake juyawa.

Na samu hannu biyu okaziyo a wani garaj ta hanyar Gashiga. Na gaya wa mai su sai na gwada kafin in biya, yayi dariya amma ya yarda, na farkon shima ya nuna ɗan layi a gindin haƙora, na biyun fari tas, shi na ɗauka. Rotil uku zan canza, gujon duka takwas hagu da dama, bar ɗaya zarenta ya ruɓe ita ma ta tafi. Rele kuwa ƙura ce ta fito, ya sha mai har na gaji da ɗurawa, yanzu kuma yana ɗiga ta ƙasa, inaga robar ƙasan ce ta mutu. Ita ana iya canza ta ba tare da an taɓa sifirin ɗin ba?

Tsohon Bakanike, Marwa

Ana iya, a jikin murfin ƙasa take. Ka cire hannun ƙasa, ka kwance murfin kaɗai, sandar kada ka buge ta ko sama ko ƙasa, ka bar ta inda take. In inda robar ke kwanciya a jikin sandar ya cinye ya yi kwari to sabuwar ma zata ɗiga, sai ka riƙa ƙara mai duk wata kafin ka samu wani relen. In an gama a kai ta paralelizim, wato saitin tayoyin gaba, kuma bayan tafiyar farko ka sake bin notocin nan takwas da sifana.

Guntun gujon ɗin kada ka yar. In zaku Mokolo ai ta Marwa zaka iya biyowa, ka kawo min in nuna wa yarana na garaj.